Majami'ar Ƙasa da Madaɓin Inna

Tun da na dawo daga Gana bakina bai huta ba. A ofishin malamai tambaya, a layin ɗibar ruwa tambaya, har a gidan gaisuwa sai da wata ta matso ta ce mini a kunne, "Malama Binta, wai da gaske kun shiga coci ke da Inna?" Da gaske ne. Mun shiga, mun fito, kuma ga mu nan da sallarmu da azuminmu. To tunda kowa sai ya ƙara wa labarin gishirinsa, har an fara cewa wai an naɗa wa Inna sarauta a can, na ga gara in zauna in rubuta shi sau ɗaya. Mai tambaya in miƙa masa takarda in ci gaba da aikina.

Sai dai labarin ba daga Gana ya fara ba. Shekara biyu ke nan da muka ɗauko mahaifiyata daga ƙauyenmu da ke bayan Faskari, lokacin da zama ya gagara saboda ɓarayin daji. Kowa a nan ya san yadda abin yake, ba sai na fama wa kowa mikinsa ba. Ni da maigidana muka gina mata ɗaki a gidanmu na Ƙanƙara: bulo da siminti, silin, fanka, da farin tayil mai sheƙi wanda ni kaina ɗakina babu irinsa. Na yi ta jawo ƙawayena su zo su gani. Inna ta shiga, ta dubi sama, ta dubi ƙasa, ta ce, "Allah shi yi albarka." Daga nan ta jawo tabarmarta ta shimfiɗa a tsakar gida, gindin katanga.

Ba ta kwana a ɗakin sai in ana ruwa. In za ta shiga sai ta zura silifa, tana taka ƙasa a hankali kamar mai tsallake kwata, don sau ɗaya santsi ya taɓa kwashe ta bayan alwala. Abinci loma uku ta ture kwano. Matar da a ƙauye ake jin muryarta daga bakin rijiya, sai ta yini ba ta ce komai ba. In kuwa ta buɗe baki magana ɗaya ce: "Ki kai ni Sheme ki aje ni, ni na san hanyar gida." Sheme ita ce mahaɗar da ake karkata zuwa ƙauyenmu. Gidan da take nufi ba kowa a cikinsa, kuma hanyar ko maza majiya ƙarfi ba sa bin ta. Ni kuwa Allah ya yi ni da saurin baki. Na yi faɗa, na yi kuka, na lissafa mata abin da na yi mata, abin da har yau nake jin kunyarsa.

Ana cikin haka sai ga waya daga Kawu Sale, ƙanin Inna, wanda ya tafi Gana tun yana saurayi ya zauna a Bolga, can arewacin ƙasar. Zai aurar da autarsa, yana so Yayarsa ta zo. Inna ta ce za ta. Na ji daɗi, na ce ga magani ya zo har gida. Sai ta ƙarasa maganar: "In tahi in ga Sale in sallame shi. In mun dawo kuma ba ni shiga Ƙanƙara, Sheme za ni sauka." Na ce to da baki, a raina ina cewa kafin mu je mu dawo Allah zai kawo dabara. Da wannan to ɗin na yi tafiyar gaba ɗaya, yana zaune mini a ƙirji.

Hanyar da ta fi kusa ita ce ta Nijar da Barkina, amma duk direban da na tambaya sai ya girgiza kai ya ce ba yanzu ba. Dole muka yi zagayen Legas. Mun tashi da hutun makaranta, tsakiyar bazara, zafi kamar a gasa gurasa a kan bayan mota. Da muka iso mahaɗar Sheme, inda hanya ke rabuwa, Inna ta juya wuya tana kallon ɓangaren gida har sai da ya ɓace. Na ɓare mata ayaba ta riƙe a hannu har Funtuwa.

Daga Funtuwa muka hau doguwar mota. Wanda ya zauna kusa da mu wani mai sayar da albasa ne ɗan Sabuwa, mutum mai fara'a da surutu, wanda ya ɗauki kansa jagoranmu ba wanda ya naɗa shi. Duk garin da aka wuce sai ya faɗa mana sunansa da abin da ake ci a cikinsa. Daga baya na gane rabin sunayen shaci-faɗi ne, don garin da ya kira Ilori da hantsi ya sake kiran wani da shi da la'asar. Amma shi ya riƙa sauka yana cika wa Inna buta, yana ce mata Hajiya, ita kuma tana ce masa ba ta je ba tukuna. Allah ya saka masa.

A Legas muka kwana biyu a Agege, gidan ɗiyar wata maƙwabciyarmu. Ɗaki ɗaya ne da labule a tsakiya, amma ta karɓe mu kamar ta shekara tana jira. Abin da ya fi damun Inna da Legas ba hayaniya ba ce, rashin gaisuwa ne. Ta zauna bakin ƙofa tana yi wa masu wucewa sannu, ba mai amsawa, har ta juyo ta tambaye ni ko rasuwa aka yi a unguwar. Da muka kama hanyar iyaka ta hango teku, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Duk wanga ruwa, kuma ba a sha?" Na ce ba a sha, gishiri ne. Ta ce, "Asara."

Iyaka uku ake ƙetarewa kafin a shiga Gana, kuma a kowace sai an sauka da kaya, a nuna fasfo da katin rigakafi, a buɗe jaka. A ta farko ne asirin jakar Inna ya tonu. Tun daga gida nake ƙorafin nauyinta, tana ce mini kuka ce da daddawa. Ma'aikacin ya zura hannu ƙasan jakar ya zaro wani abu naɗe da tsohon zane, ya warware, sai ga icce baƙi mai kauri, mai lanƙwasa da mariƙi, ƙasansa ya sha aiki har yana sheƙi. Ya ɗaga shi yana tambaya wane irin makami ne wannan. Madaɓi ne, iccen da mata ke dukan ƙasan ɗaki da shi in ana daɓe. Na fara kame-kamen bayani da Turanci, na rasa kalmar. Inna ta karɓe abinta, ta duƙa a gaban teburin, ta buga wa ƙasa sau uku, ta miƙe. Mutumin ya yi dariya har da riƙe ciki, ya kira abokin aikinsa ya ce ta sake. Ta ce ita ba wasa ta zo yi ba.

Da muka koma mota na hau ta da faɗa. "Haba Inna! Tun daga Ƙanƙara icce nake ɗauka a kaina?"

Ta ce, "Na Innarmu ne. Cikin kayanta shi kaɗai na hito da shi ran da munka gudu. Sale za ni ba."

Sai a lokacin na tuna kafin mu taso ta ba ɗiyata tasarta ta jan ƙarfe, ta ba maƙwabciya zanenta na saƙi, ni kuma ina ta murna wai hannunta ya buɗe. Ashe rabon kaya take yi. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba, har na kasa kallon fuskarta.

Binin da Togo ba mu daɗe a cikinsu ba. Togo ma kafin ka gyara zama an ce a sauko, ta ƙare. Abin da na riƙe kawai shi ne Faransanci da ya mayar da ni jahila, ni da nake koyar da 'ya'yan mutane, da kuma wani dogon burodi mai tauri da na saya. Inna ta juya shi, ta ƙwanƙwasa shi a jikin kujera, ta ce wannan ma ai madaɓi ne, da ta sani da ba ta ɗauko nata ba. Ita ce dariyarta ta farko a tafiyar, ita ma rabi ce.

A Ankara, babban birnin Gana, muka canja mota zuwa arewa. Abincinsu sai mai haƙuri. Akwai wake da shinkafa da suke dafawa ja da karan dafi, su tula masa taliya da garin rogo da ƙwai da wani baƙin yaji, duk a ganye ɗaya, kamar an ce yau za a rufe kasuwa. Wannan na ci na ƙara. Akwai kuma dokunu, tuwon masara mai tsami naɗe a ɓawo. Inna ta gutsira ta ajiye, ta ce tuwon mutanen nan ya kwana uku sun rasa mai gaya musu gaskiya. Amma da muka wuce Tamale sai ƙasa ta fara komawa irin tamu: kuka, kaɗanya, ɗorawa ta yi 'ya'ya tana reto. Mata a kan babura da kekuna, da goyo da kaya, ba mai kallonsu. Inna ta gyara zama ta manna goshi da gilashi.

Kawu Sale na jiranmu a tashar Bolga, tsoho tukuf da sanda, ni da nake ɗauke da hotonsa na saurayi a kaina. Ya hango ta ya ɗaga murya, "Yaya ya iso! Yaya ya iso!" Hausarsu ta can ba ruwanta da mace ko namiji. Inna ta ce, "Sale, shekaru nawa ba mu gamu ba, sai ka maishe ni namiji?" Suka riƙe hannun juna suna kuka suna dariya a tsakiyar tasha, ni ma na taya su. A gida bayan an ci abinci ta warware zanen ta miƙa masa madaɓin. Ya gane shi nan take. Ya shafa mariƙin inda hannun mahaifiyarsu ya cinye iccen, ya sa aka buga ƙusa a falo ya rataye shi sama da talabijin. Kowa na cewa madalla, ni kuwa ji nake kamar an karanta wasiyya.

Bikin ya yi kyau, amma ba shi kuka tambaye ni ba. A wurin girkin biki na haɗu da Madam Sisiliya, maƙwabciyar Kawu, tsohuwar ma'aikaciyar jinya da ta yi ritaya. Kirista ce 'yar ɗariƙar Katolika, amma ita ke riƙe da makullin ɗakin ajiyar biki, kuma Hausa a bakinta kamar a Zango, unguwar Hausawa, aka yanke mata cibiya. Ido gare ta irin na masu aikin asibiti. Kwana biyu tana lura da Inna, rannan ta ja ni gefe ta ce, "Maman nan ba ciwon jiki ke damunsa ba." Na ba ta labari duka, har da Sheme. Ba ta yi mini wa'azi ba. Ta ce jibi za ta garinsu Navrongo, nan kusa ne, mu raka ta Mama ta sha iska, kuma ta nuna mana tsohuwar majami'arsu da mutane ke zuwa kallo daga ƙasashe.

Na kai maganar gaban Kawu, ya ce, "Kallon gini za ku, ba ibada ba. Ni ma na je." Inna ta ce za ta raka mu amma ita daga waje za ta tsaya.

Ina tsammanin zan ga wani dogon gini na duwatsu irin na cikin talabijin. Sai ga doguwar majami'a mai hasumiya a gaba, ba wani ƙyale-ƙyale daga waje. Madam ta ce ta haura shekara ɗari, kuma duk da tubalin ƙasa aka gina ta. Ta ce Fafaroma ya ɗaga darajarta zuwa abin da suke kira basilika, wato majami'ar da aka ba girma na musamman saboda tarihinta. Inna ta sami gindin bishiya ta zauna. Amma ranar nan zafi bai da niyyar sauraren kowa, inuwar ma turiri take yi. Madam ta ce ciki da sanyi, ta shigo ko bakin ƙofa ne ta zauna. Da ƙyar ta tashi.

A bakin ƙofa muka yi abin da duk wanda aka haifa a gidanmu zai yi a ƙofar wurin ibada: muka tuɓe takalma muka jera su gefe. Madam ta buɗe baki za ta ce ba sai mun cire ba, sai ga wasu Turawa huɗu da kyamarori sun iso bayanmu. Suka ga takalma a jere, suka dubi juna, suka duƙa suna kwance igiyoyin manyan takalmansu. Madam ta toshe baki da gyale tana dariya, ta ce shekararta sittin tana shiga wurin nan, yau baƙi daga Katsina sun kafa sabuwar doka.

Inna ta sa ƙafar dama ciki, ta sa ta hagu, sai ta tsaya cak. Na ɗauka jiri ne, na kama hannunta. Ta ture ni. Ta murza tafin ƙafarta a ƙasa, ta sake murzawa. Sannan ta durƙusa a hankali, gwiwoyinta na ƙara, ta shafa ƙasan da tafin hannu, ta kai hannun hanci.

Ta ce, "Binta, daɓe ne."

Rabon da ta kira sunana haka na manta. Na duba, lallai daɓe ne, ja mai duhu, sumul, daga ƙofa har can ƙuryar da limaminsu ke tsayawa. Madam ta ce tsakuwa ce da kashin shanu da ruwan ɓawon ɗorawa, kuma mata ne suka yi shi. Inna ta ce, "Makuba. Ai na ji ta." Matar da ta ce daga waje za ta tsaya, ita ce ta wuce gaba muna bin ta.

Ciki da sanyi kamar randa. Ginshiƙai ne jere biyu masu kauri, sama an yi rufi da katako, kujeru dogaye a layi. Jikin ginshiƙan da bango duk ado ne da ja da baƙi da fari, an tayar da shi da ƙasa yadda hannu zai ji tudunsa: zane mai kusurwa-kusurwa irin na bakin ƙwarya, da shanu, da kada, da maciji, da mace da tulu. Madam ta ce wannan ma aikin matan ƙauyukan wurin ne, da launin da suke haƙowa a ƙasarsu, yadda suke yi wa ɗakunansu. Abin ya ba ni mamaki, a ce wurin ibada mai wannan daraja an miƙa wa matan ƙauye adonsa. Akwai kuma siffofin mala'iku da na annabawa. Nan Inna ta sunkuyar da kai ta wuce da sauri, ni ma na kawar da ido, Madam kuma ba ta tsayar da mu ba. Amma zanen bangon sai da Inna ta bi shi da yatsa, tana cewa wannan hannun ƙwararriya ce, wannan kuma mai koyo ce aka bari ta taɓa.

Madam ta ce sunan Nana Maryamu majami'ar ke ɗauke da shi, kuma ana tunawa ne da baƙin ciki guda bakwai da ta gani a rayuwa. Inna ta ce, "Allah shi ƙara mata yarda. Mi da mi?" Madam ta fara ƙirgawa da yatsu. A cikinsu akwai ɓatan ɗanta kwana uku tana nema. Akwai ranar da aka ce mata ta ɗauki jaririnta ta gudu wata ƙasa, don masu kisa na tafe. Sauran sun shafi abin da mu da su muka saɓa a kai, ta faɗi nata, muka riƙe namu, ba wanda ya ɗaga murya. Amma Inna ta tsaya a kan na gudun.

"Ita ma ta yi gudun hijira?"

"Ta yi, Mama."

"Da mi ta hita?"

"Da yaron kawai, sai abin da hannu ya iya ɗauka."

Inna ta gyaɗa kai ta ce, "Haka abin yake." Ta share ido da bakin mayafi. Shekara biyu ina tare da ita ban taɓa tambayarta da me ta fita ba, sai da ma'aikacin iyaka ya zaro mini amsar daga jaka.

Muna nan sai muka ji wani sauti daga ƙofar gefe: tim, tim, tim. Inna ta juya kamar an kira ta. Wasu mata biyar ne ke gyaran wani ɓangare na daɓen da ya farfashe a bakin ƙofar, sun zuba sabuwar tsakuwa, ga bokitin makuba a gefe. Shugabarsu wata tsohuwa ce siririya, sa'ar Inna, ba ta jin Hausa sai ta ciniki. Inna ta tsaya a kansu, hannu a ƙugu, irin tsayuwar da na sani tun ina yarinya in na yi shara ban kai lungu ba. Ta ce wa Madam, "Gaya musu ruwan ya yi yawa. Su bari shi sha iska, in ba haka ba tsagewa za shi yi." Na ce, "Inna, don Allah, mu baƙi ne." Ko kallona ba ta yi ba.

Madam ta fassara. Tsohuwar ta ɗago ta dubi Inna sama da ƙasa, ta danna ƙasar da babban yatsa, ta ga ruwa ya taso. Ta faɗi wata magana da ta sa sauran dariya. Madam ta ce, "Wai tun ɗazu take gaya musu, sun ce tsufa ne ke sa ta mita." Aka dakata. Tsofaffin biyu suka zauna a dokin ƙofa suna gardama da hannu a kan kashin shanu, Inna na toshe hanci tana nuna mu ba ma sawa da yawa haka, waccan na nuna ai shi ne ƙarfin aikin. Da ƙasar ta tsane, tsohuwar ta ɗauki madaɓinta ta miƙa wa Inna.

Inna ta auna nauyinsa a hannu, ta ɗaure mayafinta a ƙugu, ta shiga layi ta duƙa. Bugun farko ya fita daban da na kowa. Kafin a yi goma duk sun koma bin nata. Sai na ji ta ɗauko waƙa, gabana ya faɗi, don waƙoƙin daɓe ba duka ake rerawa gaban surukai ba, balle a ƙofar majami'ar mutane. Allah ya taimake ni ta zaɓi mai tsabta, wadda ake kiran mata su fito aikin gayya ɗakin amarya. Matan ba su san kalma ɗaya ba, amma suka kama amshi da bakinsu yadda ya zo. Muryar nan da ake ji daga bakin rijiya, ita ce ta cika wurin. Turawan nan na tsaye da safa a ƙafa suna ɗauka. Ni kuwa na jingina da ginshiƙi ina kuka ba kunya, Madam na bubbuga mini baya.

A nan na gane laifina. Na gina wa Inna ɗakin da zan nuna wa ƙawayena. Ban taɓa tambayarta irin wanda take so ba, kuma ban bar mata aikin komai a cikinsa ba, ko na cewa ruwa ya yi yawa.

Da muka koma Bolga ta ci tuwo malmala biyu. Da safe ana shan koko ta shiga falon Kawu, ta tsaya gaban talabijin ta ce, "Sale, sauko mani da abina."

Kawu ya ce, "Yaya, ba kyauta ka ba ni ba?"

Ta ce, "Na ba ka. Aro za ni yi. Icce ne na aiki, ka rataye shi kamar hoto."

Ya sauko da shi yana murmushi, ya naɗe mata a zanen da kansa. Na so in yi murna, amma ban san inda za ta da shi ba. Ɗakinta na ƙauye ma ai daɓe ne, kuma shekara biyu ba gyara. Duk tsawon hanyar dawowa, iyaka uku da Legas da doguwar mota, ban iya tambayarta ba. Ni mai saurin baki, sai ga ni ina tsoron amsa.

Daga Funtuwa muka shiga ƙaramar mota. Ina ƙirga garuruwa a raina har muka iso mahaɗar. Direba ya rage gudu ya ce, "Sheme, akwai mai sauka?"

Inna ta ce, "Akwai."

Na ce, "Inna!" Ta buɗe ƙofa ta sauka, ta tsallaka titi ta nufi ɓangaren hanyar gida. Na fito a guje ba ko takalmi, ina shirin in riƙe ta a gaban jama'a in ta kama. Sai na ga ta tsaya wurin matan da ke sayar da ɗorawa a bakin hanya. Ba garin take tayawa ba, ɓawon da suka tara gefe take nunawa. Suka cika mata buhu, ta nuna ni da baki ta ce a ɗora wa Malama.

Muna komawa mota, buhu a kaina, direba na ta danna oda, ta ce ba tare da ta dube ni ba, "Wanga tayil naki, ana iya ɓamɓare shi?"

Na ce, "Yau ma in kina so."

Maigidana ya yi zaton zafin hanya ne ya taɓa ni, amma shi ya nemo masu fasawa. Aka kwashe tayil da simintin har aka tarar da ƙasa. Inna ta jiƙa makubarta, ta aika gida-gida. Ashe unguwarmu cike take da matan da suka baro ƙauyukan Faskari da Sabuwa da wajen Yankara, kowace na zaune a ɗakin wani ta yi shiru. Ranar daɓen sai da suka yi layi biyu, waɗanda ba su sami madaɓi ba suka yi ta karɓa-karɓa. Waƙoƙin da aka rera ranar ba irin na Navrongo ba ne, sai da na kori maigidan daga gidan. Ni ma an ba ni na buga, Inna ta ce hannuna na alli ne, in je in dafa wa mutane abinci.

To masu tambaya, abin da na gani a cocin ke nan. Har yanzu Inna na maganar ƙauye, kuma ni ma ina roƙon Allah ya kawo ranar da za mu je tare da rana tsaka ba fargaba. Amma ta daina cewa a kai ta Sheme. Gidaje uku sun riga sun kama layi a yi musu daɓe bayan damina, ita ce mai cewa ruwa ya yi ko bai yi ba. In kun zo gaishe ta kada ku neme ta gindin katanga. Tana ciki, silifanta na bakin ƙofa, ku ma nan za ku aje naku.